Ɓerayen da Na Fitar Rana

Damagaram, unguwar Birni, ranar Talata

Yagana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida kawunki da iyalinsa da suka sauke ki a Yamai. Allah ya huce miki gajiyar kar, babbar motar da ta kai ki, ya tsare ki a sauran tafiyar da ke gabanki har Dakar, ya sauke ki cikin mutanen kirki.

Jiya Litinin malaminki Dokta Isufu ya gama duba kayenki, littafin da kike rubuta aikin gwajinki, da gilasan jinin da kika ajiye. Ga abin da ya samu, na rubuta shi yadda ya faɗa. Ɓerayen da kika ba ruwan sabara, ƙidayar fararen ƙwayoyin jininsu tana daidai da ta lafiyayyen ɓera. Waɗanda kika ba ruwa zalla su ne tasu ta faɗi ƙasa. Ke nan bambancin da kika gani tsakanin kejin biyu, wanda kika rubuta memuwar ɗinki, kundin gama karatu, a kansa, wanda saboda shi aka ba ki burs, tallafin ƙaro karatu, mai yiwuwa ba sabara ce ta kawo shi ba. Mai yiwuwa ni ce.

Na sa ya maimaita sau biyu. Da ya ga ban motsa ba, sai ya tashi daga kujerarsa ya ce in leƙa madubin da kaina. Ya nuna mini gilashin mai shan sabara: ƙananan ƙwayoyi masu zagayayyen ciki, waɗanda kuke ce wa lanfosit, su ne suka fi yawa, kuma ya ce haka jinin ɓera yake in yana zaune lafiya. Ya canza gilashi ya sa na mai shan ruwa. Lanfosit sun yi ƙaranci, wasu masu tsattsagaggen ciki, nitrofil, sun yi yawa. Ya ce wannan jinin ɓeran da ya sha wuya ne, sa'o'i kaɗan kafin a soke shi. Ya kuma ce shi ma da laifinsa, domin wancan lokacin tazarar da ke tsakanin layin ƙidayar kejin biyu ya duba, bai tsaya ya dubi kowane layi shi kaɗai ba. Shekara talatin ina aikin jarida da radiyo, na shiga inda aka yi gobara da inda aka yi ambaliya, ban taɓa ganin abin da ya fi ƙarfina ba sai jiya a gaban gilashin da bai kai tsawon yatsa ba.

Ba zan cika miki takarda da labarin gida ba, kowa lafiya. Zan rubuta abin da na yi ne tun daga farko, har da wanda kika riga kika sani, domin wataƙila ki buƙaci nuna wa wani, kuma a waya nakan yi wa magana kwaskwarima ban sani ba.

Lokacin da ake gyaran ɗakin dabbobi na jami'a, Dokta ya yarda ki kawo kejin nan biyu gida ki ajiye a ɗakin ajiya na bayan madafa, tunda safe da yamma sai an ba su ruwan ganyen. Kika share ɗakin, kika sa bantilatar tana ba su iska, kika liƙa takarda a ƙofa. Kika kafa mana dokoki: kada a buga ƙofa, kada kyanwa ta kusanci wurin, kada kowa ya ɗaga keji. Ni kuwa na mayar da abin raha. Ina ce musu sarakunan bayan madafa. In baƙo ya zo in ce ya rage murya, masu martaba suna hutawa. Kina murmushi ki wuce. Ba ki taɓa gaya mini dalilin dokokin ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Wannan ne yake ɗaure mini kai yanzu. Ni da na saba tsare manyan ma'aikata da tambaya har su yi gumi, ban tambayi 'yata me ya sa ba a ɗaga keji ba. Na ɗauka tsoro kike kada su kuɓuce su shiga buhun hatsi.

Ranar ɗibar jini ta faɗo daidai da ranar da dangin yarinyar da yayanki Mustafa zai aura za su zo daga Mirriya ganin gida. Watan Afrilu ne. Kika tashi bayan asuba kika ɗebi jinin keji na farko, masu shan sabara, da sanyin safiya. Kika hau kabu-kabu da kwalaben zuwa labo, ɗakin gwaji, kafin zafi ya ɓata su, kika ce za ki dawo da azahar ki yi na biyu.

Wajen ƙarfe takwas da rabi yayata Bintu ta iso da kaskonta da kwalaben turarenta. Tun daga zaure ta ja hanci.

"Zara, gidan Barebari ne wannan ko gidan jaba? So kike mutanen Mirriya su koma su ce sun ba da 'yarsu inda ake kiwon ɓera?"

Na yi dariya na ce ɗakin nan akwai doka, ga takarda can a ƙofa. Ta ce wari bai yi lakwal ba, bai iya karatu ba, takarda ba za ta tsare shi ba. Kin san yadda muka tashi. Uwarmu ko tabarmar kare ba za ta bari baƙo ya wuce ta gefenta ba a turara ba. Ban yi gardama ba, domin ni ma tun safe hancina yake gaya mini abin da nata ya gaya mata.

Ƙarfe tara muka ɗaga kejin biyu, ni ta nan ita ta can. Muka ajiye su jikin katangar gabas inda inuwa take. Muka wanke ɗakin, Yaya ta sa kasko biyu ta ja ƙofa. Matan da suka zo taya aiki suka kafa turmi taku uku daga kejin suna dakan yaji, daga baya suka kirɓa fura. Ni na shiga madafa na manta da su sarai. Na manta kuma inuwar katangar gabas ba ta kai tsakar rana.

Da na tuna, sha biyu ta wuce da kwata. Rana tana kansu gaba ɗaya. Sun baje a ƙasan keji, ciki a ƙasa, kunnuwa sun yi ja, gashin wuyansu da ƙirji a jiƙe. Na ɗauka ruwan kwalbarsu ne ya zube. Daga baya na karanta cewa ɓera ba ya gumi kamar mu, in zafi ya matsa masa miyau yake shafa wa jikinsa. Muka kinkime su da sauri muka mayar da su ɗakin da hayaƙi bai gama fita ba. Na ƙirga su, ba wanda ya mutu, sai na ce alhamdu lillahi, ba a yi ɓarna ba. Masu shan sabara an riga an ɗebi nasu tun safe. Masu shan ruwa kuwa, kafin minti arba'in kin dawo kin soke su.

Ga shawarata ta farko. Duk wanda ke iya buɗe ƙofar ɗakin dabbobinki yana cikin gwajinki, ko sunansa bai shiga takarda ba: mai shara, mai gadi, mai canza musu shimfiɗa. Kada ki ba su doka ki riƙe dalili. Mutum yakan kiyaye dokar da bai gane ba har zuwa ranar da ta yi karo da abin da ya fi damunsa, ni ranar surukai ce tawa. Da kin zaunar da ni minti biyar kin ce mini ɗaga keji kaɗai yana canza jini, da mutanen Mirriya sun sha wari sun koma. Ban faɗi haka don in ɗora miki ba. A Dakar ki nemi mai sharar tun makon farko, ki san sunanta, ki yi mata bayani da harshen da take ji, ki kuma nuna mata in ta yi kuskure ta faɗa miki ba abin da zai same ta. Dokta ya ƙara da cewa ɗibar keji ɗaya da safe ɗaya da azahar shi ma giɓi ne, domin jinin ɓera yana hawa da sauka da lokutan yini. Wannan naki ne da nasa, ki gyara. Bai rage nawa da komai ba.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, kuma bai kai numfashi ɗaya ba. Kin dawo da gumi, kin tsaya a ƙofar ɗakin, kin shaƙi iska.

"Mama, an shiga ɗakin nan?"

"A bakin ƙofa kawai muka ajiye kasko."

Baƙi sun riga sun fara sallama a zaure. Na ce a raina ba lokacin jayayya ba ne, in sun tafi zan gaya miki. Kika dube ni, kika dubi kejin, kika gyaɗa kai kika sa safar hannu. Baƙi suka tafi bayan la'asar suna yaba ƙamshin gida. Ban gaya miki ba, domin a ganina babu abin faɗi.

Jiya Dokta yana buɗe kayenki shafi shafi na ga ranar. Kin rubuta sa'a, kin rubuta nauyin kowane ɓera, a ƙasa inda ake rubuta abin da ya faru kin sa haruffan nan uku na Faransanci masu nufin babu abin lura. Rubutunki ne, tawadar bik ɗinki ce, amma ƙaryata ce zaune a wurin, kuma ta bi ki har gaban malaman da suka saurare ki ranar sutanas, ranar da kika kare kundinki.

Saboda haka, in hancinki ko idonki ya gaya miki abu, mutum ya gaya miki wani, ki rubuta duka biyun. Ki rubuta kin ji ƙamshin turare, an ce a bakin ƙofa ne. Ki rubuta dabbobi sun yi laushi. In abin bai kwanta miki ba ki ɗage aikin zuwa gobe, asarar yini ɗaya ce. Yawancin waɗanda za su yi miki ƙarya a wurin aiki ba mugaye ba ne. Kunya ce, ko sauri, ko baƙi a zaure. Kin yarda da ni ne don ni uwarki ce, kuma a gida haka ya kamata. A gaban keji kada ki yarda da kowa haka, har ni.

Na uku a bainar jama'a na yi shi. Bayan sutanas, da malamai suka yaba, da takardar Dakar ta zo, kaina ya kumbura. Ranar Asabar a shirina na kiwon lafiya na buɗe baki na ce wata 'yar Damagaram ta gano cewa sabarar nan da muke takawa a hanyar gona tana ƙara sojojin jini. Na ambaci ɓeraye sau ɗaya, a tsakiyar magana, da sauri. Kin kira ni bayan shirin kin ce na yi gaggawa. Na ce ki bar mini aikina. Duk sabon ɗan jaridar da ya ratsa hannuna na koya masa ba a fitar da labari da majiya ɗaya. Ni na fitar da shi da gwaji ɗaya, na keji biyu, wanda aka yi a bayan madafata.

Mako biyu bayan haka wata mata ta zo gidan radiyo daga Hamdara. Ta jira ni a ƙarƙashin bishiyar ƙofa tun safe. Mijinta yana shan maganin tarin tibi na likita, ƙwayoyin suna sa shi amai, ga sauran watanni kafin ya gama. Ta ce sun ji ni a radiyo, ga sabara har bayan gidansu, shin ya ajiye na likita ya koma kanta, kuma sau nawa ake tafasawa? Na ce mata kada ya kuskura ya ajiye ko ƙwaya ɗaya. Na maimaita har sau uku. Ta yi godiya ta tafi, ni ma na shiga biro, ofishinmu, ina jin na yi aikin kirki. Ko sunanta ban tambaya ba. Sai yanzu nake tunanin waɗanda ba su hau mota sun zo tambaya ba.

Ki ji tsoron 'yan jarida, Yagana, musamman wanda yake ƙaunarki. In ya zo, ki fara da abin da ba ki sani ba. Ki ce ɓera ne, ki ce kaɗan ne, ki ce sau ɗaya aka yi, ki sa ya karanta miki abin da zai faɗa kafin ya faɗa. In ya ce lokaci ya ƙure, lokacinsa ne, ki bar shi ya tafi. Abin da kika faɗa a labo da "wataƙila" a gabansa, kafin ya isa ƙauye "wataƙila" ta faɗi a hanya. Na san haka domin ni nake yar da ita.

Yanzu ga yadda na gane. Kin ce in taya ki ware takardun da za ki tafi da su da waɗanda za a ɗaure a bari. Bayan la'asar ne, kina kasuwar Dole neman akwati. Kin san halina, ba na iya ɗaga takarda ban karanta ba. Na ci karo da wani bayani na Faransanci a kan abin da wahalar jiki ke yi wa jinin ɓerayen gwaji: zafi, matsi, girgizar tafiya, ƙara mai ƙarfi. Na karanta a tsaye. In wuya ta sami ɓera, wasu 'yan ƙullutai da ke saman ƙodarsa suna sakin sinadari a jini. A mintunan farko fararen ƙwayoyi sukan ƙaru, kamar an buga gangar taro. In wuyar ta ɗore sa'a ɗaya, sa'a biyu, sai lanfosit su fice daga hanyoyin jini su tafi fata da kaluluwa da ɓargo, wuraren da rauni ko cuta za su iya ɓullowa, nitrofil kuma su ƙaru. Ba mutuwa suke yi ba, wuri suke canzawa. In an bar dabbar ta huta wasu sa'o'i sai su komo, jini ya koma yadda yake kamar ba a yi komai ba. Wanda ya ɗebi jini a tsakanin nan zai ga ƙaranci, ya ɗauka haka dabbar take.

Na zauna a kan buhun takardun na ƙirga da yatsa. Tara zuwa sha biyu da kwata. Sannan minti arba'in. Da kin makara, da kabu-kabu ya lalace a hanya, da kin tsaya cin abinci kin bari sai magariba, wataƙila da jininsu ya daidaita ba wanda zai taɓa sani. Kin zo a kan lokaci kamar yadda kika saba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ban taɓa ɗaukar wahalar dabbobin nan a bakin komai ba. Na ga sun baje, na ƙirga, ba gawa, na wuce. Ba su yi kuka ba, ba su ciji kowa ba. Ashe jikinsu ya ɗauki abin duka, har da tsawon lokacinsa, kuma kin shafa shi a gilashi kin adana. Ki riƙa tausaya musu don Allah ya hana zaluntar dabba, wannan ya isa dalili. Amma ki sani ko don aikinki kaɗai, wanda ya wahalar da su ya ɓata ƙidayarsa.

Kuskure na huɗu kwana tara ya yi. Na sani, na yi shiru. Ina taya ki ninke kaya, ina raka ki wurin tela, ina kallon ki kina dariya. A kwana na uku na je wurin Yaya Bintu na gaya mata. Ta saurare ni tana murza turare a tafin hannu, ta ce ita ba ta ga abin tashin hankali ba. Yarinya ta samu hanya, takarda ta fito da hatimi, a bar ta ta tafi.

"Ɓera ne zai kai ƙara, Zara?"

Kada ki riƙe ta a zuci. Ƙaunarki ce ta sa ta faɗi haka, kuma gaskiya ita ce na kusa bin maganarta. Na ce wa kaina wataƙila sabara tana aiki duk da haka. Na ce bari ki isa tukuna, ki zauna, ki san mutane, sannan in faɗa. Kowace safiya ina da sabon dalilin jira.

Abin da ya karya ni shi ne wayar da kika yi da ƙawarki a tsakar gida ranar Alhamis. Na ji kina cewa aikinki na farko a can shi ne maimaita gwajin da ɓeraye masu yawa, a ɗaki mai sanyi, a gaban Farfesar da za ta karɓe ki a Dakar. Sai na hango ki bayan wata shida kina ƙidaya ba ki ga bambanci ba. Kina sake yi, kina zargin hannunki, kina zargin ganyen da kika tafi da shi. Bayan shekara wani a taro ya tambaya a hankali ko lambobin Damagaram ɗin nan an ƙidaya su kuwa, ko rubuta su aka yi. Ba ki da amsa, domin amsar tana wurina.

Na gaya miki ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na shirya wa kuka, na shirya wa faɗa. Ba ki yi ko ɗaya ba. Kin tashi kin ɗauko kaye da bik kin tambaye ni ƙarfe nawa muka fitar da su, ƙarfe nawa muka mayar, turmin yana ina, kasko nawa. Kika rubuta duka. Sannan kika rufe kayen, kika haɗa da akwatin gilasan kika miƙo mini.

"Ke kika fitar da su, Mama. Ke za ki kai wa Dokta."

Ba ki taɓa yi mini magana da wannan muryar ba tun da na haife ki. Na karɓa, domin daidai ne.

Ranar Lahadi a tasha, kina shirin hawa kar, na tambaye ki ko za ki gaya wa Farfesar Dakar. Kika gyara mayafi kika ce bari ki isa tukuna. Kalmomin da na yi kwana tara ina gaya wa kaina ke nan, ba ƙari. Wannan ne dalilin wasiƙar nan.

Ki gaya mata a zaman farko, ranar Litinin, kafin a ba ki makulli, kafin a nuna miki teburinki. In kin bari aka ba ki makulli za ki ce bari a saba. In an saba za ki ce yanzu kuma da wane ido. Ki faɗa yadda muke rubuta labari: abin da ya faru a layin farko, sannan wa, yaushe, na tsawon wane lokaci, sannan abin da ba a sani ba. Kada ki fara da ba da haƙuri, kada ki yi kuka, kada ki kare ni. Ki ce uwarki ce ta fitar da keji rana sa'a uku ta kuma ɓoye miki. Ki ce ke kuma kin ɗebi jini a lokuta biyu dabam. Ki ajiye mata kwafin kayen, wanda na haɗo miki da wannan takarda, a gabanta. In ta so ganin wannan takarda ki fassara mata, na yarda. Dokta ya ce ya janye rubutun da kuke shirin aikawa mujalla, amma ba zai rubuta wa Dakar ba sai kin fara magana, domin maganar taki ce. Ya ce zai jira mako ɗaya bayan isarki.

Ba zan yi miki alkawarin abin zai yi kyau ba. Na ɗauko kwafin takardar burs ɗinki na karanta ta layi layi. Akwai wurin da ya ce suna iya sake duba zaɓensu in abin da aka gabatar musu ya canza. Ban san matar nan ba, Dokta ma a rubuce kawai ya san ta. Tana iya cewa ki zauna ku sake yi tare. Tana iya cewa akwai wani a jerin jira. In ta ce ki koma, za ki dawo Damagaram da akwatin da ba ki gama buɗewa ba, mutanen unguwa da suka zo sallama za su yi tambaya, kuma ni ce sila. Na san nauyin abin da nake nema daga gare ki, kuma na san ba ni da bakin nema. Duk da haka ina nema. Wanda aka mayar gida a watan farko don ya faɗi abin da ya faru yana iya sake neman wani wuri da sunansa. Wanda aka kama a shekara ta biyu da lambobin da suka ƙi maimaituwa, ko bai ƙirƙira ba, babu labon da zai sake ba shi keji.

Ni ma ga nawa. Ranar Asabar zan buɗe shirina da gyara, a minti na farko. Na rubuta shi, shugaban tasha ya karanta ya ce ko ba za a sassauta ba, na ce a'a. Zan ce labarin sabara da na bayar ba a tabbatar da shi ba, gwajin na ɓeraye ne kuma an sami matsala a cikinsa, matsalar daga wurina take, kuma duk mai shan maganin likita kada ya ajiye. Zan maimaita shi Asabar uku a jere. Ba zan ambaci sunanki ba, amma Damagaram ba ta da girman da za ta ɓoye 'yar wa ake nufi, gara ki ji daga gare ni. Ranar kasuwa kuma zan hau mota zuwa Hamdara in nemi ma'aikacin ɗakin shan magani, ko ya san matar da mijinta ke shan maganin tibi.

Na so in rufe da cewa tunda doguwar wahala tana raunana garkuwar ɓera, ke ma ki kula da barcinki da abincinki. Sai na tuna ɗaukar abin ɓera a ɗora wa mutum shi ne abin da zan je radiyo in nemi gafara a kansa. To ki ci abinci, ki yi barci, ki riƙe sallarki a kan lokaci, don uwarki ce ta ce.

Ki yafe mini in kin iya, in ba ki iya ba yanzu ba zan matsa miki ba. Allah ya tsare ki a sama da ƙasa, ya tsare ki daga sharrin hanya da na baƙon wuri. Allah ya daidaita harshenki ranar Litinin, ya sa tausayi a zuciyar wadda za ta saurare ki. Allah ya kiyaye mutumin Hamdara da duk wanda ya ji muryata ya gaskata. Yaya Bintu da Mustafa suna gaishe ki.

Uwarki,
Zara

Ƙari: Dokta ya aika a kawo sababbin ɓeraye don a sake gwajin a ɗakin jami'a, tunda an gama gyara. Ya ce in sun iso sai sun yi mako biyu suna hutawa daga wahalar hanya kafin a fara ba su komai. Ke nan za ki shiga wurin Farfesa ba ki da amsa a hannu. Ko sabara tana ƙara fararen ƙwayoyin jini ko ba ta ƙarawa, har yau ba wanda ya sani.